Man Kifin da Ya Ƙi Zama a Jikin Sa'idu

Da sunan Allah da bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan ina fasawa. Abin da ya tunzura ni shi ne wata maƙwabciyata da na tarar kwanan baya ta kwantar da 'yarta a cinya, ta toshe mata hanci, tana ɗura mata magani. Ban san lokacin da na fisge kofin daga hannunta ba. Ta yi fushi, kuma ban ga laifinta ba, don ba ta san abin da na gani ba. To ga shi nan, ita da duk wadda ke riƙe da yaro.

Sa'idu shi ne ɗana na fari. Yanzu ne nake rubuta sunan haka kai tsaye, a wancan lokacin ko wuƙa aka ɗora mini a wuya ba zan faɗe shi ba. Ni 'yar Mandawari ce, mu ma muna kunyar ɗan fari, amma gidan da na yi aure sun fi mu nisa. Mutanen Malam, mijina, Fulani ne da suka daɗe da ajiye sanda suka zauna a Goron Dutse. Shanun sun koma hannun dangi a ƙauye, kunyar ce dai ba ta je ko'ina ba. A gaban mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Dada, ba na ɗaukar yaron, ba na kallonsa, in ya faɗi ba na tashi. “Wancan” nake cewa, ko “yaron nan”. Da lokacin yaye ya yi, Dada ta zo gidanmu na Ƙofar Na'isa ta goya shi ta tafi, kowa kuma ya san ba dawowa zai yi ba. Maigidana take kiransa, tana tsokanarsa wai bai ba ta kuɗin cefane ba. Ni kuwa ranar Juma'a nake zuwa gaishe ta, in saci kallonsa ta wutsiyar ido.

Shekarar da soja ke shirin sauka ce, duk katangun cikin gari sun cika da hotunan 'yan takara. A tsakiyar wannan hayaniya idon yaron ya yi ɗorawa. Aka ce shawara ce. Aka dafa masa saiwar rawaya, aka hana shi duk abin da ke da maiƙo, kamar yadda aka saba. Bayan 'yan makonni idon ya washe, ba duka ba, amma ya isa a ce an samu sauƙi. Dada ta ce yanzu sai mayar da jiki. Aka kawo man shanu daga ƙauye, ta riƙa zuba masa a tuwo har yana iyo.

Yana ci kuwa, ci ba na wasa ba. Amma duk Juma'ar da na je sai in ga wuyansa ya ƙara tsawo, ciki ya yi gaba, hannuwa sun zama kara. Fatarsa ta bushe tana garje. Tun da ba ni da ikon ɗaukarsa in duba, sai na koma duba abin da ya bari. In ce zan zaga banɗaki, in je in buɗe fonsa na kashi. Kashin fari ne fat kamar an kwaɓa farar ƙasa, yana naso, ga wani wari da ban taɓa jin irinsa ba, kuma ruwa kaɗai ba ya wanke shi sai an sa sabulu. Na faɗa wa Malam a gida. Ya ce zai yi wa Dada magana. Amsar da ya dawo da ita ita ce kewar nono ce, kowane yaye da irin nasa.

Wata Juma'a na yi yamma ban tafi ba har aka kira magariba. An ɗauke wuta, ba a kunna fitila ba, amma da sauran haske, ni ina ganin har tsintsiyar da ke bakin rijiya. Dada ta kira shi daga ƙofar ɗaki. Ya taso da gudunsa ya yi karo da turmin da ke tsakar gida, turmin da kullum yake zagayewa. Ya zauna daɓas, bai yi kuka ba, sai ya miƙa hannuwa yana lalube. Dada ta sake magana, ya juya ya bi muryar. Dundumi na san shi a jikin tsofaffi, ban taɓa ganinsa a yaron da bai daɗe da fara gudu ba.

Daga nan masu ba da shawara suka yi ca. Wannan ta ce a gasa masa hanta, aka gasa. Waccan ta ce a yi masa hayaƙi, iska ce, aka yi. Aka karɓo rubutu. Ƙanwar babana ta ce a kai shi asibiti, aka ce ai ba kwance yake ba. Sai wata baƙuwa da ta zo barka a maƙwabta ta leƙo, ta dube shi, ta ce wannan ai tamowa ce. Na ga yadda fuskar Dada ta canza. Gidan da man shanu ba ya yankewa a ce jika ya yi tamowa, wannan a wurinta zagi ne. Washegari ta aika kyamis, mai kyamis ya ba da babbar kwalbar man kifi, ya ce shi ne maganin ido da rama gaba ɗaya.

Ban ce ƙarya ya yi ba, an san man kifi da wannan aiki. Amma yaron da ya ji ƙarnin sai ya tofar. Sai aka koma ɗura. Wanda bai sani ba, ga yadda ake yi: a kwantar da yaro a cinya, kai ya yi ƙasa, a kafa tafin hannu a bakinsa kamar ludayi, a zuba abin a ciki, a toshe hanci da yatsa. In ya buɗe baki neman numfashi sai ya haɗiye. Safe da yamma ake yi masa. Na zauna a gefe kaina a sunkuye ina jin yadda maƙogwaronsa ke ƙugi, yana shure-shure, ana gamawa ya kama tari har idonsa ya fito. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, ina kallon ƙasa, kamar yaron nan yana ƙwarewa. Dada ta yi dariya ta ce duk 'ya'yanta da ɗura suka girma, har wanda nake aure. Man kuwa yadda ya shiga haka yake fita, wandunansa duk sun yi naso rawaya, da ƙarninsa da komai.

Ba a rufa mako uku ba zazzaɓi ya rufe shi. Da Malam ya zo ya ɗauke ni, na tarar yaron yana numfashi sama-sama, ramin wuyansa yana lotsawa, leɓensa ya yi toka. A tasi Dada ce ta riƙe shi, ni ina gefe na riƙe jakar kaya, yatsan ƙafarsa kaɗai na samu na dafe ta ƙarƙashin zani.

Asibitin gwamnati, wanda ya je ya sani. Layin yankan kati daban, layin ganin likita daban, mai rubuta suna ya tafi karin kumallo. Wata nas ta tsaya a kanmu tana faɗa, wai mu mutanen cikin gari sai yaro ya fara sallama da duniya muke tuna asibiti. Ina jin haushinta har yau, ko da yake ba ta yi ƙarya ba. Wata kuma, 'yar siririya, tana wucewa ta ga yadda haƙarƙarinsa ke shiga da fita, sai ta karɓe shi daga hannun Dada ta yi ciki da gudu. Ban san sunanta ba, amma ban taɓa idar da salla ban sa ta a addu'a ba.

Likitar yaran mace ce, ana cewa ta daɗe a waje, jin soja za su tafi ne ya sa ta dawo gida. Bayan an sa masa iska a hanci an ɗaura ƙarin ruwa, ta dubo mu ta ce, “Wace ce uwar yaron?”

Na yi shiru. Dada ta ce, “Ni ce.”

Likitar ta dube ta, ta dube ni, ta gane. Ba ta ja maganar ba, sai ta tambaya wa ke ganin bayan gidansa. Nan na juya fuskata ga bango na zayyana mata komai, launinsa, nasonsa, warinsa, da karon da ya yi da turmi. Ta rubuta, ta tura mu hoton ƙirji da gwajin jini.

Da sakamako ya fito ta kira ni da Malam ofishinta, Dada tana bakin gado. Ta ɗaga hoton a taga ta nuna mana wani hazo a huhun dama. Maganar da ta yi ta zauna mini a kai har yanzu: “Man da aka ɗura masa, wani ya bi ta ƙasa ya fita, wani ya sauka a huhu ya zauna. Ruwa in ya shiga huhu jiki yana shanye shi. Mai ba ya shanyuwa da sauri.” Ta ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu a kan limoniya, wato ciwon huhun da ya kama shi, amma in aka sake yi masa ɗura ko sau ɗaya, ba ta jin wannan huhun zai ɗauka.

Muka fito. Malam ya tsaya a baranda yana share gumi. Wa zai je ya ce wa Dada hannunta ne ya kwantar da maigidanta? Ni suruka ce, kuma uwar ɗan fari, bakina a ɗaure yake ta gaba da baya. Shi kuma ɗa ne. Da ta tambaye shi me likita ta ce, sai ya ce mata sanyi ne ya kama ƙirjin, kuma an ce a riƙa bin yaron a hankali wajen ba shi magani. Ta ce dama ta faɗa, ruwan randa ne da yake wasa da shi.

Makonnin da muka yi a ɗakin asibitin nan ban san yadda zan kwatanta su ba. Dada ba ta taɓa komawa gida ba, a tabarma take kwana ƙarƙashin gadon, ita ke juya shi, ita ke goge shi, carbi bai bar hannunta ba. Duk abin da zan faɗa a kanta, wannan ma sai na faɗa. Ranar da aka rantsar da farar hula muna ciki, wani ya kunna rediyo a baranda, daga titi muna jin ganguna da hon ɗin motoci. A daidai lokacin aka naɗe yarinyar gadon da ke kusa da namu a zani aka fita da ita. Na ƙura wa ƙirjin yarona ido ina jira ya ɗaga, in ya ɗaga in jira na gaba.

Allah ya sa zazzaɓin ya sauka. Amma likita ta ce ƙirjin reshe ne, gindin ciwon yana hanta. Wannan karon a bakin gado ta yi bayani, Dada na zaune. Ta ce akwai wani ruwa mai ɗaci da hanta ke zubawa a hanji, aikinsa ya farfasa mai ya zama ƙanana yadda hanji zai iya tsotsewa. Shawarar da yaron ya yi ta rage wannan ruwa. Shi ya sa duk man da ya ci wucewa yake, kuma abubuwan da ke gyara ido da ƙashi a cikin mai suke tafiya, sai su bi shi su fita. Ta tambayi Dada ko tana ganin mai a cikin madara kafin a kaɗa. Dada ta ce a'a, amma yana ciki. Likita ta ce to akwai man kifin da aka mayar kamar haka, an tarwatsa shi ya zama ƙwayoyin da ido ba ya gani, har ya koma fari, ya gauraya da ruwa. An yi wa hanjin rabin aikin tun daga kwalba. Imalshan ta kira shi, sunan da na yi ta maimaitawa a hanya don kada ya ɓace mini. Ta ce ba ta yi mana alkawari ba, wasu yaran jikinsu yana karɓa, wasu ba ya karɓa. In idon ya daɗe a haka, dundumin zai iya zarcewa ya zama makanta, ramar kuma ta ƙarasa shi.

Ba a samunsa a asibitin, ta kuma hana mu saye a kasuwa saboda jabu. Daga Legas aka yi saƙonsa. Babur ɗin Malam ya tafi a wannan hidima, keken ɗinkina ma ya bi shi, Malam ya koma zuwa makarantar da yake koyarwa a ƙafa. Maganin ya iso daf da za a sallame mu.

Goron Dutse aka mayar da yaron, ni kuma aka bar ni in zauna in taya jinya. Washegari da hantsi Dada ta girgiza kwalbar, ta zuba a cokali. Fari ne kamar kindirmo, amma ƙarnin yana nan a ƙasa-ƙasa. Yaron yana shinshinawa ya datse haƙora ya fara ihu. Ta lallashe shi, ta yi masa waƙa, ya ƙi. Ta dubi kwalbar, ta san abin da aka sayar kafin a same ta, ta ce wannan ba abin zubarwa ba ne. Ta miƙe ƙafafu, ta jawo shi ta kwantar a cinya, ta kafa tafin hannunta a bakinsa.

Malam ba ya nan. Daga ni sai ita sai matan gidan biyu da ke tankaɗe. Na ga yatsanta ya nufi hancinsa.

Na ce, “Dada, kada ki ɗura wa Sa'idu.”

Masu tankaɗe suka tsaya. Ni kaina sunan ya yi mini baƙo a baki. Dada ta ɗago a hankali ta ce, “Wa kika ce?”

“Sa'idu. Ɗurar ce ta shiga huhunsa, ba sanyi ba ne. Likita ta ce in aka sake mutuwa zai yi.”

Na durƙusa na ɗauke shi daga cinyarta, a gabanta, na rungume. Dada ta goge hannunta a zani, ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Da Malam ya dawo ta kira shi, ta yi masa tambaya ɗaya, ya sunkuyar da kai ya gaya mata gaskiya. Kwana da kwanaki abinci bai wuce mata ba. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. A dangi kuwa labari ya zaga, 'yar Mandawari ta kira sunan ɗan fari a gaban suruka, ta fisge shi daga cinya. Wasu har yau da wannan suke tuna ni.

Bayar da maganin ya dawo hannuna. Likita ta ce ana iya gauraya shi da kunun da ya huce, kada dai a dafa, kada a bar kwalbar a rana. Na binne gindinta a jiƙaƙƙen yashin ƙarƙashin randa. Ina zaunar da shi a miƙe, in ɗiga kaɗan a bakin cokali, in jira ya haɗiye don kansa. Abin da ɗura ke gamawa kafin a ƙifta ido, ni sai in kai hantsi ina fama. Wani lokaci ya amayar, in zauna in yi kuka in sake. Duk tarin da ya yi sai gabana ya faɗi. Kowace safiya kuma fon nake fara buɗewa, kullum fari, kullum naso, har na fara cewa a raina muna cikin waɗanda jikinsu ba ya karɓa. Da magariba ta gabato sai in kunna fitila tun da rana, don ba na son in ga yana lalube.

Damina ta yi nisa kafin na ga kashin ya ɗan yi launi. Ban yarda da idona ba. Da na ɗago, Dada tana tsaye a bayana tana leƙawa ita ma. Ranar dai ta ci tuwo.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe ba shi da yawa. In yaro yana ci yana ramewa, a duba abin da yake fitarwa, kada a tsaya ƙara masa mai. In ya fara karo da kaya da magariba, ba wasa ba ne. Mai kuma, kowane iri ne, kada a ɗura shi. Yanzu ina jin an ce masu haɗa magani sun ƙara gwanancewa wajen tarwatsa man kifin nan, ƙwayoyin sun fi na lokacinmu ƙanƙanta. Allah ya ƙara musu basira, amma ko sun niƙa shi ya fi haka, ta hanji aka yi shi ya bi. Sa'idu ya rayu, ya girma, sai dai mun daɗe muna zaryar asibiti saboda hantar, kuma har yau in sanyi ya shigo tarin nan yana tashi.

Ranar da tsoron ya sake ni, an ɗauke wuta ne dab da magariba, kananzir kuma ya ƙare. Yana can bakin rijiya yana wasa da murfin kwano, mu muna ƙofar ɗaki, ni a gefe guda, Dada a ɗaya gefen, turmin nan yana tsakaninmu da shi. Na buɗe baki zan kira shi don ya bi muryata. Sai na ji hannun Dada a kan nawa. Rabon da ta taɓa ni tun ranar nan.

Ta ce a hankali, “Yi shiru. Kada ki kira shi. Mu ga ko idon ne zai kawo shi.”

Muka yi tsit. Ya ɗago kai ya duba. Ya miƙe, bai miƙa hannu gaba ba. Ya taho, ya zo daidai turmin. Ya zagaye shi. Ya tsallake tsintsiya. Ya iso gabanmu ya dubi Dada, ya dube ni, sannan ya zo ya faɗa cinyata.

Dada ta daɗe tana kallonmu. Ta ja gefen mayafinta ta goge hanci, ta ce, “To, shi ke nan, maigidana ya sake ni. Gobe ki haɗa kayan Sa'idu ku tafi gida.”